Baƙuwa a Cikin Kwanon Gilashi

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, na ga masu tambayar kalar rigar da na zaɓa, na ga ma wadda ta ce ko dai Mai Lambu ya riga ya sace ni ne. Babu wanda ya sace ni. Ina nan, idanuna ne suka kumbura har ba na son hasken waya. Amma tunda da ku aka fara, bari in faɗa muku yadda wani ɗan fure da bai kai tafin hannun jariri ba ya shiga tsakanina da mutumin da zan aura.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, ni mai binciken tsirran ruwa ce. A gidanmu ba wanda ke faɗin haka. Yayyena maza 'Yar Taɓo suke kirana. Gwaggo kuwa, ƙanwar mahaifinmu da ta dawo zama da mu bayan rasuwarsa, in an tambaye ta aikina sai ta taɓe baki ta ce, "Wai likitar ciyawa ce." Shekaruna sun kusa talatin, kuma a gidanmu ƙasa-ƙasa ake faɗin wannan, kamar ana faɗin sunan ciwo.

Ciyawar da ta hana ni barci tun bara muna kiranta Baƙuwa, don ba 'yar nan ba ce, kuma ba mu san wanda ya kawo ta ba. A saman ruwa take yawo. Ganyenta zagaye ne mai sheƙi, furenta fari da ɗigon rawaya a tsakiya. Wallahi kyakkyawa ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai dai ɗan guntunta ɗaya in ya faɗa ruwa, kafin ka juya ya zama tabarma. Tana toshe bututun gidan ruwa, tana hana kifi numfashi, tana kama kwalekwale ta riƙe. A bakin madatsar ruwan da garinmu ke sha na ga wani masunci ya janyo raga da ƙyar, babu komai a ciki sai ita, ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Da can kowa nasa yake yi. Mu na jami'a muna ɓoye sakamakonmu don kar wani ya riga mu bugawa. Mutanen gidan ruwa ba sa ɗaga mana waya. Masu duba tsirrai na bakin iyaka sun ce laifin maƙwabtanmu ne da kogin ke ratsowa ta ƙasarsu, su kuma maƙwabtan sun ce mu muka jajibo abinmu. Dakta, shugabar ɗakin bincikenmu, ita ta gaji da wannan shirme ta tara kowa a bita guda. Mace ce 'yar ƙarama mai farin gilashi, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka ta saman gilashin sai ka tuna duk ƙaryar da ka yi tun kana firamare.

A bitar aka koya mana ɗaukar hoto iri ɗaya, da ɗan ma'auni a gefen ganye. Aka koya mana busar da samfuri a leda, da wanke takalmin roba kafin a bar wani ruwa a shiga wani. Aka sa mana manhaja a waya mai taswira ɗaya tak, wadda kowa ke gani daga nan har ƙetaren iyaka. Doka kuma ɗaya ce, Dakta ta sa muka maimaita kamar 'yan aji ɗaya: abin da ka gani, ka saka shi ranar da ka gan shi, kuma ba a gogewa.

Ni aka ba darasin yadda ake kashe ta. Na tsaya gaban manya da ƙanana da doguwar rigata ruwan toka, ina ta zuba. Kada a zuba ta a kwata. Kada a kai ta bola. A shanya ta kan siminti nesa da ruwa, ta bushe ƙayau, sannan a ƙone. Aka yi min tafi, har wani dattijo daga gidan ruwa ya ce in sake faɗa ya ɗauka a waya. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Mai Lambu kuma kun san shi, amma bari in sake faɗa, don faɗin ma daɗi yake min ko a yau. Lambun sayar da furanni da dashe yake da shi a bakin babban titi. Dogo ne, baƙi, farcensa kullum da ƙasa komai wankin da ya yi, kuma in zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai. A wayata Mai Lambu na rubuta. Shi kuma Ranka-ya-daɗe yake ce min don tsokana, wai na fi shi karatu.

Kafin shi an yi manema biyu. Na farkon na yi masa bayanin yadda ciyawa ke shanye iskar ruwa tun daga la'asar har aka kira magariba, bai sake dawowa ba. Na biyun ya zo ya same ni ina wanke takalmin roba a ƙofar gida, ya ce zai je ya sa mai a mota, har yau yana gidan mai. Saboda haka ranar da Mai Lambu ya fara sallama a falonmu, Gwaggo ta ja ni kicin ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ki saurare ni da kyau," ta ce. "Wannan karon ban da lacca."

"Gwaggo, shi ma fa harkar tsirrai yake."

"Yauwa, shi ya sa. Namiji ba ya son a koya masa sana'arsa. Ya yi magana ki ce haka ne. Ciyawarki ki bar ta a ofis tare da wannan takalmin mai wari."

Mama tana bakin murhu tana jujjuya cokali a kofin shayi, ba ta juyo ba. Ta ce a hankali, "Ki ji maganar Gwaggonki, don Allah. Na gaji da amsa tambayar mutane."

Wannan "na gaji" ɗin ita ta kama ni. Na ji maganarsu. Wata da watanni muna tare, in ya ce, "Ya aiki?" sai in ce, "Lafiya lau." In ya ce, "Me kuke bincike a kai ne yanzu?" sai in ce, "Ciyawa ce kawai, bar ta, ba ni labarin lambu." Ko hoton Baƙuwa ban taɓa nuna masa ba. Kuma abin ya yi aiki, jama'a. Manya suka shiga magana, aka tsayar da rana, Mama ta fara waƙa in tana shanya.

Ranar Talatar da ta wuce ya turo min saƙo da hantsi.

"Ranka-ya-daɗe, ki zo lambu da yamma. Akwai abin da na ɓoye miki."

"Mene ne?"

"In na faɗa ai ya tashi daga ɓoye. Ki zo da Gwaggo ta zama shaida."

Na sa doguwar riga mai ruwan zuma da mayafi mai ɗan dutse a baki, na fesa turaren da ya saya min. Gwaggo ta ɗaura ɗankwalinta na fita, wanda in ta ɗaura sai ta sunkuya kafin ta shiga mota. Ya tare mu a ƙofar lambu da farar riga, ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu. Muka bi shi ta tsakanin tukwanen dashe, muka wuce inda ake tara taki, har can baya kusa da katanga inda ya kewaye da koriyar raga. Ya ce in rufe ido. Na rufe, ina murmushi kamar sakarya. Na ji ya ɗaga ragar.

"Buɗe."

Manyan tankunan roba ne a jere, an yanke samansu, kowanne cike da ruwa. Ruwan ma ba a ganinsa. Ganye zagaye mai sheƙi, farin fure, ɗigon rawaya. A kan wani ɗan teburi ya jera kwanonin gilashi, kowanne da fure biyu ko uku suna yawo a ciki.

Ban san lokacin da na dafa kafaɗar Gwaggo ba.

"Kin ga ta rasa bakin magana," in ji shi, yana sunkuyar da kai yana dariya. "Furen kwano nake kiransa. Kowane teburi a wajen bikinmu zai samu ɗaya. Na ce matar da ke son tsiron ruwa, ai da tsiron ruwa za a tarbe ta."

"Masha Allah!" in ji Gwaggo. "Kai, yaron nan ka iya so."

Na ce, "A ina ka samo shi?"

"Wani abokina ne ya zo min da shi daga tafiya, ɗan kaɗan a gorar ruwa. Ki ga albarka, ko taki ba ya so. Masu ƙawata ɗakin biki har layi suke yi tun bara."

"In an tashi daga bikin fa? Ya suke yi da shi?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Su wanke kwanoninsu mana. Su juye a kwata."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ji farcen Gwaggo ya nutse a damtsena ta cikin mayafi, tana murmushi tana kallonsa. Na rufe bakina. Na ce yana da kyau. Da suka juya suna maganar kujeru, hannuna da kansa ya zaro waya, na aza ɗan ma'aunin da ke maƙale a makullina kusa da ganye na ɗauki hoto. Manhajar ta ɗauki wurin da nake tsaye, ta tambaye ni ko in aika. Na danna "ba yanzu ba". Daga lokacin wani ɗan jan ɗigo ya zauna a saman wayata, yana cewa akwai saƙo ɗaya da ke jiran aikawa.

Za ku ce ya aka yi ban taɓa ganinsa a wajen biki ba. Ni da na daina zuwa biki tun da ƙawayen Mama suka mai da ni abin addu'a a bainar jama'a? Abokan aikina kuwa, irin ɗakunan da ake jera kwanon gilashi ba a gayyatarmu.

Washegari na shiga ofis kamar wadda aka yi wa duka. Na tarar kowa ya taru a bayan Mai Taswira, abokiyar aikina mai haɗa bayanan kowa a kwamfuta, wadda ba a raba ta da cingam. An haska taswirar a bango, maƙwabtanmu na ƙetare suna kan layi ana jin muryarsu.

"'Yar Taɓo, zo ki ga abin mamaki," in ji ta. Ita ma ta ɗauki sunan a bakin yayana. "Tunda kowa ya fara saka nasa, kalli yadda ɗige-ɗigen suka jeru."

Na kalla. Ba ta kogi suka biyo ba. Sun taso daga tsakiyar gari, suka bi babbar magudana ɗaya bayan ɗaya har bakin madatsa.

Muryar mutumin ƙetare ta fito daga lasifika, yana cewa sun gama gwajin samfuran da muka aika musu, duka tsatso ɗaya ne, uwa ɗaya ta haife su, kuma babu irinta a ruwansu. Ya ƙara da cewa yana jiran a ba su haƙuri. Aka yi dariya, dattijon gidan ruwa ya ce ya bayar a madadin kowa.

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta cire gilashi ta goge da gefen mayafinta.

"Ma'ana wani ne yake renonta a cikin gari," ta ce. "Wataƙila ma bai san me yake reno ba. Ranar Asabar za mu fita tare da masu duba tsirrai, lambu-lambu, shago-shago. Kafin nan duk wanda ya ga wani abu ya saka. Damina ta kawo kai, in ruwan farko ya wanke magudanar nan mun shiga uku."

Ta mayar da gilashin, ta kalle ni ta samansa. "Lafiya kike?"

"Kaina ke ciwo, Dakta."

"Amarya ce, a yi mata uzuri," in ji Mai Taswira, ta fasa ƙwan cingam.

Wayata tana cikin aljihu, jan ɗigon yana ciki. Ji nake kamar kowa na ganinsa ta cikin yadi.

Da na koma gida na tarar da falo ya cika da kaya. Akwatuna a buɗe, zannuwan gado a kan kujera, Mama na zaune a ƙasa tana goge sababbin kofuna ɗaya-ɗaya tana mayarwa cikin kwali. Gwaggo tana gwada labule a jikin taga. Na zauna kusa da Mama ban ko cire takalmi ba, na faɗa musu komai. Na yi ƙoƙari kar ya zama lacca.

Gwaggo ta saki labulen. "To sai me?"

"Dole in saka hoton, Gwaggo. In na saka, za su je. Za su rufe lambun har a gama bincike, sunansa zai fita."

"Sunansa zai fita ta hannun wa?"

Na sunkuya na fara cire takalmi.

"Ina tambayarki. Ta hannun matar da zai aura? Ki tsaya gaban mahaifiyarsa da wane ido? Matar da tun farko ta ce boko ya yi miki yawa?"

"Ruwan da muke sha ne fa. Ruwan da ke cikin wannan butar."

"Ruwa ya daɗe yana zuwa yana ɗaukewa, ba mu mutu ba. Ke kaɗai ce ma'aikaciya? Su nemo da kansu mana, ba albashi ake ba su ba?"

Na juya wajen Mama. Ta ajiye kofin da ke hannunta, ta riƙo yatsuna. Hannunta da sanyi.

"Ban ce ki yi ƙarya ba," ta ce. "Cewa na yi ki jinkirta. A ɗaura auren nan tukuna, in ya so ku gyara a tsakaninku, mata da miji. Tun rasuwar babanku ban yi farin ciki irin na watan nan ba. Kar ki karɓe min shi, 'yar nan."

Ku gaya min, me ake ce wa uwa in ta faɗi haka? Na shiga ɗaki na kwanta da kayan jikina, na yi kuka har matashin ya jiƙe. Ina son mutumin nan. Ina son yadda yake buɗe min ƙofar tsohuwar motarsa da ƙafa don hannun ƙofar ya lalace. Ina tsoron komawa 'Yar Taɓon da ake yi wa addu'a a wajen biki. Kuma ina jin kunyar Dakta tun kafin ta sani.

Da safe na samo wata dabara, irin dabarar matsorata. Na ce zan je lambun da kaina da manyan ledoji, mu kwashe ta ni da shi, mu shanya a kan simintin bayan lambu, in yi masa bayanin komai tun daga farko. Daga nan mu je wajen Dakta tare, ya faɗa da bakinsa. Wanda ya kai kansa ai ba kamar wanda aka kamo ba ne. Amma maganar ta fi ƙarfin waya, kuma gargaɗin Gwaggo ya riga ya zauna min a harshe. Sai na rubuta gajere.

"Furen kwanon nan an hana ajiye shi. Masu duba tsirrai za su zaga lambuna ranar Asabar, bai kamata a same shi a haka ba. Zan zo yau da yamma mu yi magana."

Ya amsa nan take. "Subhanallahi. Da gaske? Ban sani ba wallahi."

"Na san ba ka sani ba. Sai na zo."

"To Ranka-ya-daɗe. Kar ki damu kanki."

Na karanta saƙona sau da yawa daga baya. Babu inda na ce kar ya taɓa. Ni da na tsaya gaban ɗaki guda na ce kada a zuba a kwata har aka yi min tafi, ban rubuta masa wannan layin ba.

Da azahar Gwaggo ta ce sai mun biya wajen tela, wai gwajin ƙarshe ne na rigar biki, ba zai ɗau lokaci ba. Shagon a saman bene yake, ɗaki ɗaya mai madubi har ƙasa da fanka mai ƙara. Telar, mace mai ƙiba da tef a wuya, ta zura min rigar. Ruwan madara ce, mai dogon hannu, an yi mata aikin zare a ƙirji da ƙananan duwatsu a gefen wuya, bayanta yana jan ƙasa. Mama ta kalle ni ta madubi ta rufe baki da mayafi. Gwaggo ta ce a ƙara matse ƙugu. Telar ta durƙusa da allurai a baki tana kama gefen rigar, ta ce kar in motsa.

Ta tagar shagon na ga gabas ta yi baƙi. Iska ta fara kaɗa labule.

Wayata ta yi ƙara a kan keken ɗinki. Na ce Mama ta miƙo min. Bidiyo ne daga Mai Lambu.

Bayan lambun ne, an buɗe 'yar ƙofar da ke jikin katanga. Ma'aikatansa sun kama tanki sun karkata shi a bakin magudana. Ruwa na kwarara, koren ganye da farin fure suna bin sa, suna juyawa, suna wucewa ƙarƙashin gada. Ya juya wayar ya nuna sauran tankunan, duk an kife su, an wanke. Sai ya juyo da ita kan fuskarsa, gumi a goshi, yana haki yana murmushi.

"Ranka-ya-daɗe, kin gani? Ko ɗaya ban bari ba. Ba sai kin wahalar da kanki kin zo ba. Ba zan bari a ce mijinki ya ba ki kunya a wajen aikinki ba."

Ƙarƙashin bidiyon ya rubuta: "Kin ga yadda nake jin maganarki tun kafin a kawo ki?"

Na zabura. Na ji allura ta shige min cinya, telar ta yi salati, ban ko ji zafin ba.

"Mene ne?" in ji Mama. "Wa ya mutu?"

Na miƙa mata wayar. Gwaggo ta leƙo ta kafaɗarta, suka kalla tare har ƙarshe. Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya.

"To alhamdulillahi," ta ce. "Yaro mai hankali. Ai shi ke nan, magana ta ƙare. Su zo ranar Asabar su ga tanki wayam."

"Gwaggo, abin da ke zuwa madatsa a shekara shi ya zuba yau a yini ɗaya."

"Wa ya gani?"

"Ni."

Aka yi tsawa can nesa. Na san magudanar nan kamar tsakar gidanmu. Yanzu ruwanta kaɗan ne, tafiyar hawainiya yake, furen zai maƙale a ƙarƙashin gadoji. Akwai wata ƙaramar gada kafin madatsa inda mutanen gidan ruwa za su iya tare bakin da raga, in sun samu labari kafin ruwa ya sauko. In ya sauko babu ragar da za ta riƙe. Kuma ba za su fito da mota da mutane don na ce ina zato ba. Sai sun ga ɗigo a taswira, da hoto, da wuri.

Na karɓi wayata daga hannun Mama. Ba ta so saki ba.

"Don girman Allah," ta ce. "Don darajar babanki."

"Mama, ki yafe min."

"Idan kika danna abin nan," in ji Gwaggo, "ki cire rigar nan tun yanzu, don ba za ki sa ta ba."

Telar tana durƙushe da allurai a baki, idonta na yawo tsakaninmu. Na buɗe manhajar. Hoton yana nan, ganye mai sheƙi da ɗan ma'aunina a gefe, a can kusurwa kuma ana ganin gefen farar rigarsa. Na haɗa da bidiyon. Na danna. Jan ɗigon ya ɓace.

Ban kai ga sauke numfashi ba kiran Dakta ya shigo.

"Na gani," ta ce. "Na sa gidan ruwa su tafi ƙaramar gada yanzu. Masu duba tsirrai sun kama hanyar lambun." Sai ta ƙara da cewa, "Hoton nan na ranar Talata ne."

"E, Dakta."

"Yau Alhamis."

"E."

"Za mu yi wannan maganar daga baya. Kin san mai wurin?"

Na kalli kaina a madubi, da duwatsu a wuya da ɗigon jini a gefen rigar. "Shi zan aura."

Na ji ta ja numfashi. Sai ta ce in sa takalmin roba in same su a gada, ana bukatar hannu.

Mama ta zauna a kan kujerar telar ta juya min baya. Kafaɗunta ne kawai ke motsi. Gwaggo ta ɗauki jakarta ta tsaya a bakin ƙofa ba ta kalle ni ba. Na ce telar ta zuge min zif, ta tashi jiki a sanyaye ta fara zare allurai. Ɗigon ruwa na farko ya bugi kwanon rufi, sai na biyu.

Wayar ta sake haske.

"Na ga hadari, Gwaggo ta ce min kuna wajen tela, na san kuma ba ku zo da mota ba. Ina ƙasa. Ki fito a hankali kar amaryata ta jiƙe."

Na matsa jikin taga da rigar a buɗe ta baya. Yana tsaye a gefen tsohuwar motarsa, ya canza riga, ya buɗe babbar lema yana kallon sama. Da ya hango ni sai ya sunkuyar da kai ya yi dariya, ya ɗaga min hannu. A aljihun rigarsa na ga wayarsa ta fara haske, na san daga lambu ake kiransa. Bai kula ta ba, ni yake kallo. Ya sa ƙafa ya buɗe min ƙofar mota.